Shiru Biyu a Gida Ɗaya

Amaro ya cika shekara uku ranar Talata,
ana ruwa, kamar kullum a tsibirinmu na Chiloé.
Ya hure kyandir uku, ya tafa,
bai ce uffan ba.

In yana son madara, yatsana yake kamawa
ya ja ni har gaban firji, ya tsaya.
In ya faɗi, gwiwar yake kawo mini in gani.
Kakarsa Clorinda na saƙa rigar ulu a gefen murhu,
tana cewa ku ƙyale yaro,
kawunsa ma sai da ya shekara huɗu,
yau wa ke iya rufe masa baki?
Maƙwabta suka ce waya ce ta cinye harshen.
Herminia, uwarsa, ba ta ɗora wa kowa ba,
sai dai nakan ji ta da tsakar dare
tana raɗa masa cokali, kofi, ƙofa, kyanwa,
shi kuwa yana ta barcinsa.

Muka hau bas zuwa Castro.
Aka kaɗa ƙararrawa ta hagu, ya juya.
Ta dama, ya juya.
Kunne lafiya lau.
Na so a ce kunnen ne,
ko ba komai kunne abu ne da ake nunawa da yatsa.

Yasna, malamar magana,
ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa daidai tsayinsa.
Ta miƙa masa motar katako,
ta ɓoye taya ɗaya a tafinta, ta yi shiru.
Ya dubi motar, ya dubi hannun,
sai can ya ɗaga kai ya dube ta.
Ta ce kun gani? Ai ya fara.

Sannan ta juyo kaina.
Rosendo, kalma nawa ka faɗa masa jiya?
Na ƙirga a zuci. Zo. Ci. Bari. Kwanta.
Hannu ɗaya ma bai cika ba.
Ta ce ba kai ka jawo ba,
kada ka ɗauki wannan kaya ka hau bas da shi,
amma bakinka na cikin maganin.

Ni ma'aikacin jirgin fito ne.
Shekara goma sha tara ina ɗaure igiya,
ina jera manyan motoci da hannu,
ƙarar inji ta hutar da ni daga magana.
Ubana ma haka ya rayu,
aka binne shi da zancensa a ciki.

To, na durƙusa.
Ga dankali. Dankali da zafi. Hura.
Ga takalmi. Ɗaya. Ina ɗayan?
Muryata ta yi mini kamar rigar aro,
har kare ya ɗaga kunne yana kallona.
Abin da ya fi wuya shi ne jira:
ka faɗi kalma, ka haɗiye sauran,
ka ƙirga goma a zuci
kofi na hannunka, ɗanka na miƙo nasa hannun.
Sau da yawa a shida nake karaya.

Wata huɗu.
Rigar ulun ta gamu, har ta fara matse shi.

Ranar wata Lahadi, ba aiki,
na ɗauke shi a wuya zuwa bakin mashiga.
Hazo ya rufe ruwa, ba a ganin tsallake.
Jirginmu ya yi kuka daga nesa.
Na ji yatsunsa sun damƙe gashina.
Buu, in ji shi.
Ya sunkuyo da kansa ta gefen kunnena
ya zuba mini ido, ya yi tsit.
Sai da na kai bakwai na gane
shi ne ke ƙirga mini.

Jirgi, na ce. Jirgi ne, Amaro. Yana zuwa.
Buu, ya sake cewa.

Yasna ta buɗe littafinta ta rubuta: ɗaya.
Herminia ta leƙa ta ce a'a,
a rubuta mutum biyu.