Ganye a Kan Kwali

Aikina liƙa ganye.
Daga hantsi zuwa la'asar,
a masana'antar sabulu ta bakin kogin Kampar,
ina ɗora kore a kan fari:
ganye guda, ɗigon raɓa guda,
a ƙasa an rubuta "Aminin Daji".
Dubu huɗu a yini, in injin bai yi gardama ba.

Ranar da na kai kwali ɗaya gida,
mahaifina Syahrial ya kara shi da fitila.
"Nurbaiti, ai ganyen meranti ne.
Wanda ya zana shi bai taɓa shan inuwarsa ba,
jijiya biyar kacal ya ba shi."
Sai tari ya ƙwace masa maganar,
tarin da ya gada a shekarar hayaƙi,
da aka toya dajin bayan gari
aka jera kwakwar manja kamar haƙoran mataji.

Ashe ganyen sauka ya yi daga reshe ya hau takarda.
An yi masa rajista a Jakarta,
yana da lamba, yana da ubangida,
wanda ya kwaikwaye shi, sai kotu.
Ita bishiyar ba ta da lauya.

To, kada in yi wa tambari kuɗin goro.
Innata Rosmah da manoma talatin
sun nemi nasu, ɗan tsuntsu cikin da'ira.
Shekara uku ba a ƙyasta ashana a gona ba,
suka bar wa rafi taku hamsin na kurmi.
Wata mata ta zo da takalmin roba da littafi,
ta ƙirga kututture, ta ɗebi ruwa a kwalba,
ta ce ba su ci ba.
Rosmah ta sha kuka, ta sayar da awarwaronta,
suka sake lale.
Ranar da tsuntsun ya hau buhunansu
akwai na gaske yana kuka a kurmin.

Kai mai saye a can wata uwa duniya,
duka biyun kore ne a idonka,
amma kama da wane ba ta wane.
Juya kwalin.
Tambayi wa ya zo ya ƙirga.

Gobe ma zan koma, ciki ba ya jin fushi.
Sai dai akwai biro a aljihuna:
a kwali ɗaya cikin dubu
nakan ƙara wa ganyen
jijiyoyin da Baba ya ce an manta.