Abin da Ƙashin Baya Ke Ji

Shekara arba'in da ɗaya ina daidaita muryar fiyano
a coci-coci da makarantun Gwynedd,
sai kunnen hagu ya riga ni yin ritaya,
na dama kuma yana zuwa aiki ran da ya ga dama.

Shi ya sa, Rhodri, ba don yayi ba,
na bar rami tsakanin kujera da tayoyin baya.
Inji a gaba baƙo ne, daga bakin ƙofa yake magana.
Ni ina son wanda zai jingina da ni,
ya gaya wa ƙashin bayana
abin da kunne ya daina karɓa.

Hunturu uku ina walda a rumfar bayan gida,
ruwan Blaenau na dukan kwano ba fashi,
bututu kan bututu,
har ƙwarangwal ya tsaya da ƙafarsa, ba zuciya.

Kai ka ce mai silinda takwas.
Ka jawo shi a tirela kana washe baki kamar kai ka haife shi.
Muka ɗora a sikeli: kilo ɗari biyu da ashirin.
Na ce wannan, a kwanar farko ta hanyar Bala,
gindi zai riga hanci isa.
Ƙarfin da ya fi ƙarfin mai shi ai kaya ne.

Mai huɗu da tarbo ma na ɗana, a motar ɗan Meinir.
Ka taka, shiru. Ka ƙara takawa, shiru.
Sai can ya zabura
kamar wanda aka tasa daga barci da mari.
Ba na tafiya da mai riƙe magana a ciki.

Wajen 'yan gwangwan na Wrexham na same shi,
cikin wata jar mota 'yar Italiya da ta gaisa da bango:
silinda shida, uku na kallon uku,
gansakuka a murfi, sheƙar ɓera a matatar iska.
Na juya shi da sifana, sannu sannu.
Kowane fistin ya ture hannuna daidai da ɗan'uwansa
in ban da na biyar, mai satar numfashi ta gefe.
Fam ɗari uku da hamsin. Ban taya ba.

Ya fi ramin da yatsa biyu.
Na yanke waldar wata guda, na zagi kaina, na sake.
Lagireto na can gaba, ruwa sai ya yi doguwar tafiya,
iska ta maƙale a hanya, allura ta hau ja,
sau biyu muka tsere daga tururi, ni da kare.

Ranar saiti jikata Eluned ta zo da kwamfuta,
ta zauna kan jarka, igiya daga cinyarta zuwa cikin inji.
Ta ce, Kaka, lambobi sun yi kyau,
mai da iska sun daidaita.
Na kafa bakin sukudireba a kan ƙarfe,
na danna ƙotar a ƙashin bayan kunne.
Na ce taka zuwa dubu uku.
Can ƙasa, wani na tari cikin ladabi.
Ta harare ni, ta harari allon,
ta ƙara masa mai, ɗigo,
ta ja wutar filogi baya, taki ɗaya.
Tarin ya tafi.
Ba ta ce komai ba. Ta dai miƙo min shayinta.

Ba lamba tukuna, masu duba mota sai watan Mayu.
Iyakata bakin shinge, in juyo:
mita sittin, giya ɗaya.
Amma da na zauna na ja ƙofa,
sai ya fara daga ƙugu,
ya hau gaɓa gaɓa har ƙeya,
murya guda, doguwa, mai ɗumi.

Ta gaza daidai da ɗan ƙiris, na sani.
Da fiyano ce, da na ɗauko mabuɗi.
Rhodri, na bar ta haka.