Rina Guda

Babana Ilu mai ɗinkin hannu,
shekara arba'in allura na sukar yatsunsa
a zaurenmu na Ƙofar Kuyambana,
bai taɓa ce mata wash ba.
Sai ga rina guda, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba,
ta sauko daga azara
ta taɓa shi a bayan kunne.

Ya yi dariya: "Ke ma ɗinki kika zo koya?"
Ya koma kan aska takwas ɗinsa.

Kafin ruwan shayi ya tafasa
leɓe ya kumbura,
borin jini ya bi wuya ya gangara,
numfashi na fita kamar ta cikin kara.
Inna ta kawo manja.
Ni na kawo mafici.
Shi kuwa hannunsa ba a kunne yake ba,
a ƙirji yake, yana murzawa,
wai wani ya ɗora masa turmi.

Ban san Shika da nisa ba sai ranar.
Ƙofar Doka. Tudun Wada.
A Kwangila wata tirela ta gitta,
Tanimu mai keke yana roƙonta da ƙaho,
kan Baba a cinyata, gumi kamar an tsamo shi daga Kubanni,
ina kirga numfashinsa, ina ɓata lissafi, ina sakewa.

Allura a cinya, wayoyi a ƙirji.
Na'ura ta tofo doguwar takarda
mai zane kamar ɗinkin ɗan koyo.
Likita Ramlatu ta duba, ta sake dubawa.
Na ce, "Rina ce fa kawai."
Ta ce, "Rina ta ƙwanƙwasa ne.
Dakarun jikinsa suka ɗauka yaƙi ne,
suka rufe ƙofofin gari gaba ɗaya,
har da wadda jini ke bi ya gai da zuciya."

Kwana tara ya yi.
Na kakkaɓe azara da sandar rariya,
na ƙone gidan rinar, ban ji tausayi ba.

Yanzu allura biyu gare shi:
ta ɗinki a jikin hula,
ta likita a aljihun gaba.

Rigar nan kuwa,
a aska ta biyar zare ya karkace,
daidai inda hannu ya bar aiki ya tafi ƙirji.
Mai riga ya ce a warware.
Baba ya mayar masa da kuɗinsa.