Ƙofa Biyu

Sha ɗaya.
Yawan baƙin da suka leƙo shafina ke nan ran Talata,
biyu daga ciki ma ni ne:
ɗaya da wayata, ɗaya da kwamfutar Nazifi a Fam Santa.

Wata huɗu ina gina wa Kawu Ɗanjuma rumfa a yanar gizo.
Takalman fata na Ƙofar Wambai,
kowanne sai na goge shi da gefen rigata
kafin in ɗauke shi hoto.
Kawu ya ce, "Tasi'u, ina masu sayen?"
Na ce suna hanya.
Ya ce, "A ƙafa suka taso daga Agadas?"

Saƙon ya shigo biyu saura na dare,
janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu,
daga ni sai sauro.
Ba sallama, ba suna:
"Ba ni gishiri in ba ka manda.
Rataya mahaɗina a gindin shafinka,
in rataya naka a goshin nawa.
Mutum dubu arba'in ke kwana gidana kullum."

Na latsa in ga gidan.
Na janye yatsa kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta.
Irin gidan nan ne da ake shiga bayan an kashe fitila,
ana kifa waya in an ji motsi a tsakar gida.

Amma dubu arba'in.

Na ce wa raina: mai adaidaita
ba ya tambayar fasinja inda ya kwana.
Na ce: ko ruwan kwata yana kashe gobara.
Na rataya shi can ƙasa,
da haruffa ƙanana, launin toka,
yadda ake tura ƙazamin tsumma ƙarƙashin gado.

Kafin asuba ɗari uku.
Kafin Juma'a dubu biyar.
Shafina ya zama Kantin Kwari ana gobe Sallah,
ina kallon lambobi suna hawa kan juna
har na manta shayi ya huce.
Sai dai kowa daƙiƙa uku yake yi ya juya.
Ba wanda ya ce nawa ne,
ba wanda ya ce a rage.
Wanda ya fito daga can
ba takalmi yake nema ba.

Ran Lahadi bayan La'asar
Kawu ya karɓi wayata a majalisa,
zai nuna wa abokansa aikin ɗan ƙanwarsa.
Babban yatsansa, wanda basilla ta mayar kamar ƙirgi,
bai saba da gilashi ba.
Ya zame.
Can ƙasa ya zame.

Na ji ƙarar fankar shagon da ke kallonmu.
Na ji wani ya gyara murya ba dalili.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.
Ya kifa wayar a kan tabarma,
ya ce, "Ashe ƙofa biyu ka yi wa rumfar.
Shekara talatin ina Wambai,
ban taɓa sa a jawo min ciniki ta lungu ba."

A daren na tuge shi.
Lambobi suka zube kamar buhun gero ya ɓule.

Yanzu da ƙafa nake neman mahaɗi.
Na je marinar Ƙofar Mata wajen Sagiru,
hannunsa shuɗi har gwiwa,
ya ce in sa nasa, zai sa nawa.
Haka Binta mai turaren wuta a Zoo Road,
haka wani mai wankin hula a Mandawari
da bai gane zancen ba sai da na zana masa a ƙasa.

Jiya mutum sha tara.
Wata daga Gusau ta tambayi lamba arba'in da biyu, baƙi,
ta yi ciniki kamar za ta cire min haƙori,
ta saya.

Saƙon yana nan yana zuwa, biyu saura.
Ba na buɗewa.
Amma ƙarya nake in na ce
ban san nawa ne dubu arba'in ba.