Matar Igiya, Ɗaki na Sha Huɗu

A Blackpool, inda teku ke tari dukan dare
kamar tsohon da ya ƙi shan magani,
nake aikin kwana a gidan tsofaffi.
Ɗaki na sha huɗu, gadon jikin taga:
Enid Threlfall, shekara tamanin da tara,
hannu ɗaya ya isa in ɗaga ta.

Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Ke Asabe, kina taka ƙasa kamar kina bin ta bashi.
Sassauta diddige."
Na ce a raina, ikon Allah,
mai keken guragu ke koya mini tafiya.

Sai da na buɗe akwatinta neman safa
na ga abin da bakina ya yanka.
Yarinya cikin riga mai ƙyalƙyali,
'yar laima a hannun hagu,
igiyar ƙarfe a ƙarƙashin tafin ƙafa,
can ƙasa kawuna dubu, kowa baki sake.
Sunanta a bango, kowane harafi tsayin mutum.
Paris ta kira, ta je. Chicago ta kira, ta je.

Ubanta ɗinkin ragar masunta yake a Fleetwood,
ita kuwa ta hana a shimfiɗa mata raga.
Ta ce raga sangarta ƙafa take yi.
A igiyar shanyar uwarta ta koya,
tsakanin zanin gado da wandon babanta,
ta sha duka sau biyu, na uku aka zuba mata ido.

Mijinta Cyril shi ke ɗaure igiyar.
Ta ce bai taɓa kallon wasanta ba ko sau ɗaya,
ƙullin yake kallo.
Ban san wata soyayya da ta fi wannan ba.

Sannan talabijin ya shigo gidaje,
benci ya fara nuna haƙoransa.
Daren ƙarshe mutum arba'in da 'yan kai,
wani yaro na kukan alawa tun farko har ƙarshe.
"Shekara talatin da ɗaya a sama ban faɗi ba," in ji ta,
"kujerar kicin ce ta kayar da ni,
ina miƙa hannu ga gwangwanin shayi."
Ta yi dariya har sai da na ba ta ruwa.

Wani dare, ƙarfe uku da kwata,
na tarar da gado babu kowa.
Ga ta a baranda, ba takalmi,
a kan layin da ya raba dabe biyu,
hannuwa a buɗe, haɓa a sama.
Doka ta ce in danna ƙararrawa.
Ban danna ba.
Na je ƙarshen layin na tsaya, na zama turke,
idona a kan ƙafarta kamar Cyril da ƙullinsa.
Taku goma sha ɗaya.
Na ƙirga su da numfashin da na riƙe.
Ta faɗo ƙirjina tana haki, ta ce, "Ina tafin?"
Na tafa da yatsu biyu, kada a farka.
A littafin aiki na rubuta: ta yi barci lafiya.

Cikin Fabrairu ta tafi.
Jarida ta ba ta layi huɗu,
ta kuma cinye harafi ɗaya daga sunanta.

Yanzu in na tashi aiki da asuba,
kuɗin makarantar ƙannena na Funtuwa a ka,
hayar ɗaki a ɗaya kafaɗar,
nakan bi bakin teku, iska na ture ni.
Jiya na kama kaina a kan siririn gefen titi,
ƙafa gaban ƙafa,
jaka a hannun hagu,
diddige a sassauce.