Babban Yatsan Inna

Shekara goma sha ɗaya ina tonon yarjejeniyoyi
da manyan ƙasashe suka rattaba wa hannu,
amma ba a cikinsu na samo tambayata ba.
A Mandawari na tsince ta, kan layi,
ranar da na raka Inna Tasalla yankar katin shaida.

Aka ce ta ɗora babban yatsa.
Ta ɗora. Jar wuta.
Ta goge a gefen mayafi, ta yi bisimilla, ta sake.
Jar wuta.
Shekara talatin na wankau,
sabulun salo da ruwan rijiya,
sun cinye zanen da aka haife ta da shi.
Yaron bayan tebur ya ce, “Hajiya, ba ta gan ki ba.”
Inna ta ce, “Ɗan nan, ga ni fa.”

Wannan yatsan ne ya biya min kuɗin makaranta.

Nawa rabon yana jira a filin jirgin wata ƙasa.
Ƙofar gilashi ta buɗe wa duk na gabana,
da ta zo kaina ta yi ƙememe.
An koya mata fuskoki dubu-dubu,
ba a nuna mata mai launin tawa ba.
Takardar da zan gabatar kan wannan zance
tana cikin jaka, tana jiran layi tare da ni.

Yau Talata, ajin ƙarfe biyu,
an ɗauke wuta, fanka ta yi tsaye cak.
Nafi’u ya ɗaga hannu daga can baya:
“Malama, in na’ura ta zalunce ka, wa za ka kai ƙara?
Maƙerinta na wata nahiya,
dillalinta na wata,
sammacin kotun Gyaɗi-Gyaɗi kuwa ba ya ƙetare teku.”
Na duba allo, na duba alli.
Na ce, “Rubuta ta da kyau, kar ka yar.
Ni ma ita nake bi tun kana firamare.”

Da magariba na sauka a Kabuga,
takardun jarrabawa a hammata.
Inna na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.
“Karatun nan naki, Barira, ba ya ƙarewa ne?”
Ban amsa ba. Na durƙusa.
Ta danna yatsan nan a goshina,
ta ɗan jima,
ta ce, “Ba ki ci abincin rana ba.”