Daren da Aka Ɗauke Wuta a At-Bashi

Ƙarfe takwas wuta ta tafi.
Ƙanƙara ta kwanta kan waya, waya ta ce ta gaji.
Ni kuwa ga garke ɗari biyu da sha ɗaya a gabana,
kowace tunkiya da ranar allurarta,
gobe da hantsi ofishin Narin ke jiran lissafi.

In da igiya a gindinta, kwamfutar nan sukuwa take.
Zare igiyar, sai ta koma tsohuwar goɗiya a hawan dutse:
in taɓa harafi, in zuba shayi, in kurɓa,
sannan harafin ya iso yana haki.

Likitan dabbobi ne ni,
na san ba a yanka sai an duba,
amma fushi ba ya jiran ilimi.
Na ce cuta ce ta shige ta. Na saki mafarauci,
ya yi zagayen minti tara, ya dawo hannu rabbana,
ya lashe kashi shida na batir ladan yawo.
Na goge hotunan tseren dawakin bara.
Ko gezau.

Na leƙa jerin masu aiki a ɓoye,
ashe gida cike yake da baƙi.
Wani tun Talata yake lalube intanet ɗin da babu,
wani na ƙirga fayil, ba wanda ya aike shi.
Na sallame su ɗaya-ɗaya, ba rakiya.

Na kife ta, na haska da fitilar goshi.
Gashin tumaki na shekara uku ya toshe mata hanci.
Da allurar ɗinkin Burul na tsamo shi,
Burul na cewa, in ka karya min ita za ka sani.
Fankar ta yi ajiyar zuciya.
Tafiyar dai tana nan yadda take.

Na hau kan tulin itace inda waya ke kamawa,
na kira Tilek a Bishkek.
Ya yi dariya har da tari.
Kawu, lafiyarta ƙalau, tsimi take yi.
An ce mata in ba wuta ta ci rabi, ta ajiye rabi.
Danna hoton batir, ja sandar zuwa dama.

Na ja.
Ta zabura kamar an ɗana mata bulala,
garke arba'in kafin shayi ya huce.
Na ɗaga ido: talatin da ɗaya.
Na sake ɗagawa: ashirin da biyu.

Sauri ya haifi nawa, in ji mutane.
Wannan saurin mutuwa zai haifa.

Na mayar da sandar tsakiya.
Na rage hasken allo har sai da na matso da hanci.
Na kashe fitilar da ke ƙarƙashin haruffa,
yatsuna sun san hanya.
Batir ba ya shiri da sanyi, in ji Tilek,
sai na koma bakin murhu, na rufa mata gefen kwat,
inda nake ɗumama ɗan ragon da uwa ta ƙi.

Akwai wani shafi da ya ce in duba.
An ƙera batirin ya ɗauki hamsin,
yanzu ashirin da takwas yake iyawa,
kuma ita wannan ashirin da takwas ɗin
yake kira cikakke.
Na daɗe ina kallon layin.
Bara ni ma na daina hawa makiyayar sama a ƙafa,
ban gaya wa kowa dalili ba.

Garken Kanibek, tamanin da bakwai, biyu sun ɓata.
Garken gwauruwar bakin gada, sha tara.
Na adana. Na sake adanawa.
Saura kashi huɗu, saura garke uku.

Burul ta ajiye min fensir kusa da kofi,
ba ta ce komai ba,
ta ƙara kashin shanu a murhu.